Sunan Da Sarki Ya Haramta: Asali Da Tarihin Zuriyar MacGregor

A wannan wata za mu leƙa ƙasar Sikotlan ne, wato arewacin tsibirin Birtaniya, domin mu bi diddigin sunan wata zuriya guda. Duk wanda ya karanta tarihin zamanin Turawa a ƙasashenmu ya sha cin karo da sunaye masu farawa da Mac ko Mc, irin su Maclean da MacDonald da Macpherson. Mutane da yawa kan ɗauka sunayen Ingilishi ne, alhali kuwa na wani harshe ne daban da ake kira Gelik, harshen mutanen kan duwatsu da tsibiran Sikotlan, wanda asalinsa ɗaya da na mutanen Ailan. A cikin waɗannan sunaye akwai wanda labarinsa ya fita daban, shi ne MacGregor. Hukuma ta taɓa kafa doka ta ce duk wanda ya amsa shi hukuncinsa kisa ne. Ga shi kuwa har yau ana amsa shi a duk faɗin duniya. Yadda aka yi haka ta faru, shi ne abin da za mu duba.

Mece Ce Ma'anar Mac?

Kalmar mac a harshen Gelik tana nufin ɗa, daidai da yadda muke cewa Ɗan Fodiyo ko Ɗantata. MacDonald shi ne ɗan Donald, Macpherson kuma ɗan limamin coci. Mc da wasu ke rubutawa gajartawa ce kawai ta akawuna, ba ta nuna wani bambancin asali. Mace ba a kiranta da mac, sai dai nic, wato 'yar wane. A Ailan kuma akwai O, mai nufin jika, kamar O'Brien, wato jikokin Sarki Brian Boru wanda aka kashe a yaƙin Clontarf cikin 1014. Mutanen Ailan suna cikin waɗanda suka riga kowa a Turai mayar da sunan kaka ya zama sunan gida na dindindin, tun ƙarni na 10.

Akwai kuma sunayen da suka samo asali daga laƙabi, irin namu na Dogo da Gajere da Jatau. Campbell na nufin mai karkataccen baki, Cameron kuma mai karkataccen hanci. Saboda haka sunan Donald Cameron, gwamnan Nijeriya daga 1931 zuwa 1935, ba shi da wata dangantaka da ƙasar Kamaru, wadda ta samo nata sunan daga kalmar Fotugis mai nufin jatan lande.

Jama'ar kan duwatsu sun rayu ne zuriya zuriya, kowace da shugabanta da yankinta. Kalmar da suke kiran zuriya da ita, clann, ma'anarta 'ya'ya. Wato shugaba uba ne, saura kuma 'ya'yansa, ko da wasunsu caffa kawai suka yi ba jini ya haɗa su ba. A ƙauye ba a cika kiran mutum da sunan zuriya ba, sai a jero masa iyaye: wane ɗan wane ɗan wane, har kaka na huɗu ko na biyar. Yaro da haka yake tashi, ya haddace jerin kakanninsa tun bai san baƙi ba. Mu riƙe wannan batu, domin za mu komo kansa.

Wane Ne Griogair?

A bakin masu shi, sunan shi ne MacGriogair, wato ɗan Griogair. Griogair kuwa shi ne Gregory na Turawa, suna ne da ya fito daga harshen Girkanci da ma'anar mai tsaro ko wanda ba ya gyangyaɗi. Ya bazu a Turai saboda Fafaroma Gregory na Farko, wanda ya riƙe muƙamin daga 590 zuwa 604.

Kamar kowane gida mai ji da kansa, su ma suna da labarin asali. Suna cewa su jinin Alpin ne, mahaifin Sarki Kenneth wanda ya rasu a 858, wanda ake lissafawa a matsayin tushen sarautar Sikotlan. Takensu ma cewa yake su jinin sarauta ne. Masana tarihi dai sun fi tsayawa a kan abin da takardu suka nuna, wato wani Griogair da ya rayu a ƙarni na 14 a yankin Argyll, yammacin ƙasar. An rubuta rasuwar ɗansa Iain Cam, wato Iain mai ido ɗaya, a shekarar 1390. Daga wannan gida sunan ya fara.

Mazauninsu na farko kwaruruka uku ne kusa da tafkin Awe: Glen Orchy da Glen Strae da Glen Lochy. Glen na nufin kwari a harshensu, shi ya sa za mu yi ta jin kalmar. Ƙasa ce mai sanyi da ruwan sama da hazo, noma kaɗan ne, dukiyar mutum ita ce shanunsa. Kada kuma a ɗauka jahilai ne 'yan daji kamar yadda abokan gabarsu suka riƙa bayyana su. Ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen waƙoƙin Gelik mafi daraja, wanda ake kira Littafin Limamin Lismore, James MacGregor da ɗan'uwansa Duncan ne suka tattara shi a farkon ƙarni na 16. Yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Edinbara.

Ƙasa Ba Takarda

Masifarsu ta faro ne daga maganar ƙasa. A tsohuwar al'adar kan duwatsu, ƙasa ta wanda kakanninsa suka zauna a kai ce, ya kuma iya kare ta da takobi. Amma sarakunan Sikotlan sun shigo da wani tsari daban, inda mallaka sai da takarda mai hatimin sarki. Maƙwabtansu 'yan zuriyar Campbell sun gane wannan da wuri. Sun goyi bayan Sarki Robert Bruce a yaƙe-yaƙensa da Ingila a farkon ƙarni na 14, aka saka musu da ƙasashe a gewayen tafkin Awe, suka kuma zama na hannun daman fada. A 1432 kwarin Glen Orchy ya shiga hannun wani reshe na Campbell. Aka wayi gari MacGregor sun zama 'yan haya a ƙasar da aka binne kakanninsu.

Da farko zaman bai yi tsami ba. Fiye da shekara ɗari MacGregor suna yi wa Campbell yaƙi, tare suka bazu gabas zuwa Glen Lyon da Rannoch da Balquhidder. Amma kusan duk inda suka sauka, takardar tana hannun wani. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16, shugaban Campbell na Glen Orchy, wanda ake wa laƙabi da Colin Mai Furfura, ya sayi ikon Glen Strae, ya kuma ƙi tabbatar wa matashin shugaban MacGregor, Gregor Roy, gadon ubansa sai bisa sharuɗɗan da ba za su karɓu ba. Faɗa ya ɓarke a 1562, aka shafe shekara 8 ana ƙone-ƙone da kore shanu. A 1569 aka kama Gregor Roy, a watan Afrilu na 1570 aka fille masa kai. Matarsa Marion, wadda ita kanta 'yar gidan Campbell ce, ta yi masa waƙar makoki mai suna Griogal Cridhe. Fiye da shekara 450 ke nan, har yau mawaƙan Gelik suna rera ta.

Mutanen da aka raba da gona da makiyaya, da me za su ci? Da yawansu suka koma hari da satar shanu, suna fakewa a cikin duwatsu, har aka yi musu laƙabi da 'Ya'yan Hazo. Ba za mu wanke su ba, sun zubar da jini. A 1589 wasunsu suka kashe John Drummond, mai kula da dajin farautar sarki, abin da ya sa fada ta ƙara ɗaure musu fuska.

Ranar Glen Fruin

Abin da ya cika ƙwarya ya faru ne kusa da tafkin Lomond, a ƙasar zuriyar Colquhoun. A ƙarshen 1602 MacGregor suka kai hari can. Shugaban Colquhoun ya kwashi mata ya kai su gaban Sarki James na Shida a garin Stirling, suna ɗauke da rigunan mazajensu jina-jina, sarki ya ba shi izinin ɗaukar makami a kansu. Ranar 7 ga Fabrairu 1603 rundunonin biyu suka haɗu a kwarin Glen Fruin. Shugaban MacGregor, Alasdair na Glen Strae, ya raba mutanensa biyu ya yi wa abokan gaba ƙofar rago a cikin fadama, inda dawakinsu suka kasa motsi. Takardar tuhumar da aka karanta a kotu daga baya ta ce an kashe mutanen Colquhoun kimanin 140, an kore shanu 600, tumaki da awaki 800, da dawaki 280.

Nasarar ta zo a mummunan lokaci. Ranar 24 ga Maris Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta rasu, James ya gaji gadonta. Mutumin da ke shirin tafiya Landan ya nuna wa Ingilishi cewa shi sarki ne mai cikakken iko ba zai bar irin wannan abin kunya a bayansa ba. Ranar 3 ga Afrilu 1603, kwana biyu kafin ya bar Edinbara, majalisarsa ta fitar da doka: an soke sunan MacGregor baki ɗaya. Duk mai amsa shi ya zaɓi wani suna, shi da 'ya'yansa, wanda ya ƙi kuwa a kashe shi.

Alasdair ya yi kusan shekara yana ɓuya, daga bisani ya miƙa kansa ga hakimin Argyll, babban shugaban Campbell, bisa alkawarin za a kai shi Ingila ya yi wa sarki bayani da bakinsa. Aka raka shi har ya tsallaka iyaka a garin Berwick, aka ce to an cika alkawari, ga shi a Ingila, sannan aka juyo da shi Edinbara. A watan Janairu na 1604 aka rataye shi a tsakiyar kasuwa tare da wasu manyan danginsa. An ɗaga igiyarsa sama da ta saura, wai don girmama matsayinsa.

Yadda Ake Kashe Suna

Dokokin da suka biyo baya sun nuna hukuma da gaske take. Aka sa lada a kan kawunan manyansu, har mai laifi kan sami afuwa idan ya kawo kan wani MacGregor. A 1611 aka ba da umurnin a yi wa matansu lalas a fuska da mabuɗin ƙarfe mai zafi, aka kuma riƙa raba yara da iyayensu ana ba wasu gidaje riƙo. Aka hana su taruwa fiye da mutum huɗu, aka hana su riƙe makami in ban da wuƙar cin nama marar tsini. Majalisar dokoki ta tabbatar da haramcin a 1617. A 1633, zamanin Sarki Charles na Farko, aka ƙara da cewa limamin cocin da ya raɗa wa yaro suna Gregor zai rasa aikinsa, akawu kuma kada ya rubuta wata yarjejeniya da wannan suna.

Mu dubi abin da wannan ke nufi. Wanda doka ba ta san sunansa ba, ba ya iya sayen gona, ba ya iya ƙulla ciniki a rubuce, ba ya iya kai ƙara. In an cuce shi sai dai ya haɗiye. Ba a kore su daga ƙasar ba, amma an mayar da su baƙi a cikinta.

Sai suka ari sunaye. Wasu suka zama Murray, wasu Drummond, wasu Graham, Stewart ko Grant, gwargwadon gidan da ya ba su mafaka. Wasu ma Campbell suka ɗauka, sunan waɗanda suka raba su da ƙasarsu. Wasu suka ɗan karkata nasu ya koma Gregory ko Greig. Gidan Gregory na Aberdeen, wanda ya fitar da malamai da likitoci da dama, ciki har da James Gregory masanin lissafi da ya tsara wani irin madubin hangen taurari a 1663, jinin MacGregor ne.

A 1661 Sarki Charles na Biyu ya ɗage dokar, saboda sun yi wa gidansu yaƙi a lokacin yaƙin basasa. Murna ba ta daɗe ba. Da aka tumɓuke gidan sarautar Stuart, sabuwar hukumar Sarki William ta san inda zuciyarsu take, ta maido da haramcin a 1693.

Jatau Na Balquhidder

Mafi shahara a cikinsu ya rayu ne a wannan tsakani. An haifi Robert MacGregor a 1671, lokacin da sunan ke halal. Saboda jan gashinsa ake ce masa Rob Roy, domin roy daga kalmarsu ta ja take, wato dai Jatau. Yana ɗan shekara 22 aka sake haramta sunan, ya koma sa hannu da Campbell, sunan gidan mahaifiyarsa.

Falken shanu ne, yana saye a kan duwatsu yana kaiwa kasuwannin kudu, yana kuma karɓar kuɗi wurin masu garke don ya tsare musu dukiyarsu daga ɓarayi. A 1712 ya karɓi bashin fam 1,000 daga babban basarake mai sarautar Montrose da wasu, kuɗin suka salwanta, aka ce babban yaronsa ne ya gudu da su. Aka ƙwace gonarsa, aka kori iyalinsa, aka shelanta shi ɗan tawaye. Shi kuma ya shafe shekaru yana kore shanun Montrose yana tare masu karɓar masa haraji. An kama shi fiye da sau ɗaya yana kuɓucewa. Daga ƙarshe aka yi masa afuwa, ya rasu a kan gadonsa a ƙarshen 1734, aka binne shi a Balquhidder. Littafin da Walter Scott ya rubuta da sunansa a 1817, da fim ɗin da aka yi a 1995, su suka kai labarinsa duniya. Abin lura shi ne, a takarda Campbell ne, amma babu wanda ya taɓa tuna shi da wannan suna.

Suna Ya Dawo

A 1774 majalisar dokokin Birtaniya ta soke haramcin kwata-kwata. In muka haɗa shekara 58 na farko da 81 na biyu, sunan ya yi shekara 139 a haramce. Duk wanda ya ga farkon abin ya daɗe da zama ƙasa, har jikokinsa. Amma da aka buɗe ƙofa, sai ga mutum 826 sun sa hannu a takarda suna cewa su MacGregor ne, sun kuma amince da John Murray na Lanrick, hafsan da ya yi aiki a Indiya, a matsayin shugabansu.

Ta yaya suka san kansu bayan wannan tsawon lokaci? Nan ne za mu koma kan batun da muka ce a riƙe. Doka tana iko da abin da akawu ya rubuta da abin da aka faɗa a kotu. Ba ta da iko da abin da kaka ke faɗa wa jikanta da dare a bakin murhu. Jerin wane ɗan wane da waƙoƙi irin na Marion suka riƙe asalin, a cikin harshen da ma'aikatan Edinbara ba sa ji. Takarda ta cinye musu ƙasa, baki ya tsare musu suna.

A 1822, da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, 'yan MacGregor ƙarƙashin shugabansu Sir Evan ne suka yi wa kambi da sanda da takobin sarautar Sikotlan rakiya, a garin da aka rataye Alasdair. A shekarar ce kuma suka kafa ƙungiyar zuriyarsu, wadda ke nan har yau. Ƙasar dai ba ta dawo ba, kuma ba kowa ne ya koma tsohon suna ba. Akwai Murray da Drummond da yawa a yau waɗanda kakanninsu MacGregor ne. Ba kuma duk mai sunan ne ya ƙara masa daraja ba. Wani Gregor MacGregor ya ƙirƙiro ƙasar ƙarya mai suna Poyais a tsakiyar nahiyar Amurka, ya sayar wa mutane filaye a cikinta, kimanin 250 suka tafi a 1822 da 1823, fiye da rabinsu suka mutu. Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma wani dokin ko da linzami sai ya yi tutsu.

Sunan A Bakin Kogin Kwara

Sunan ya iso yankinmu ta hanyar mutum biyu. Na farko shi ne Macgregor Laird, ɗan kasuwa haifaffen Greenock, wanda aka sa masa sunan gidan mahaifiyarsa. A 1832 shi da Richard Lander suka shigo kogin Kwara da jiragen ruwa biyu masu tafiya da tururi. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, wato albarka, kalmar da suka ara daga bakin Hausawa. Albarkar ba ta bi su ba, domin cikin Turawa 48 guda 9 kaɗai suka tsira, zazzaɓi ya cinye yawancin saura. Laird bai haƙura ba. A 1854 ya aiko da jirgin Pleiad ƙarƙashin likita William Baikie, suka hau kogin Binuwai suna shan kwinin kullum, suka komo ba wanda ya mutu. Wannan tafiya tana cikin abubuwan da suka buɗe wa kamfanonin Turawa hanyar kogunan, da duk abin da ya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi.

Na biyu shi ne Sir William MacGregor, ɗan talakan manomi daga yankin Aberdeen wanda ya yi karatu ya zama likita. Ya yi gwamnan Legas daga 1899 zuwa 1904, ya mai da hankali kan yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta hanyar janye ruwan fadamu. Magudanar da aka haƙa tsakanin tsibirin Legas da Ikoyi da sunansa aka san ta. Abin mamakin duniya ke nan: jikokin waɗanda hukuma ta farauta a kan duwatsu, su ne suka zo suna ɗauke da tutar wannan hukuma a ƙasashen wasu.

Abin Da Ya Rage

Yau akwai MacGregor a Kanada da Amurka da Ostareliya da sauran wurare, babu mai hana su amsa sunansu. Sai dai harshen da ya ɓoye sunan ya ja baya ƙwarai. Ƙidayar 2022 ta nuna masu iya magana da Gelik a Sikotlan kimanin 70,000 ne, cikin mutum sama da miliyan 5. Da yawa daga masu ɗauke da sunan ba za su iya furta shi yadda Marion ta furta ba. Abin da takobi da igiya suka kasa yi, makaranta da ƙaura da neman abinci sun kusa gamawa cikin ruwan sanyi.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan kakanninmu, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Mun san yadda alƙalamin akawu ke murɗe suna a takardar haihuwa ko ta makaranta, mun kuma san yaran da za su iya faɗin sunan uba da na kaka, daga nan sai shiru. Tun tsofaffinmu na da rai, mu zauna da su mu tambaya: wane ne ya fara zuwa, daga wane gari, da wace sana'a, ɗan wane ne? Mu rubuta, domin mun ga abin da rashin takarda ya jawo wa MacGregor. Mu kuma faɗa wa yara da bakinmu, da harshenmu, domin mun ga abin da ya cece su.